Tarihin Katse Hanzari a Cikin Kwamfuta

Idan Bahaushe zai sa baki a zancen wani, yakan fara da cewa ba don ya katse masa hanzari ba. Ita kuwa kwamfuta da katse hanzari take aiki. Duk sanda wani ya latsa harafi a shagon intanet a Nima, ko ya taɓa fuskar wayarsa a Maamobi, siginar lantarki ce take zuwa ga ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, ta dakatar da ita daga abin da take yi.

Kwamfutocin farko ba haka suke ba. Furosesa ce take leƙa kowace na'urar da aka jona mata, ɗaya bayan ɗaya, tamkar maigidan da yake fita zaure kowane minti ya ga ko ya yi baƙo. Lokaci mai yawa yakan salwanta a leƙen. A 1954 hukumar ma'aunai ta Amurka ta kammala kwamfutar DYSEAC, wadda ake lissafawa cikin na farko da suka bar baƙo ya yi sallama da kansa. A 1958 Electrologica X1 ta fito a Holan da wannan dabara, kuma a kanta Edsger Dijkstra ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1959. Ya hango haɗarin tun da wuri: tunda ba a san lokacin da sallamar za ta zo ba, kuskuren da ta haifar yau ba lalle ya maimaitu gobe ba, balle a gano shi.

Tsarin da ya game duniya ya zo da kwamfutar IBM PC a 1981. An sa mata ɗan guntu mai suna Intel 8259, mai layuka takwas. Layi na 0 na agogo ne, wanda yake sallama kusan sau 18 a daƙiƙa, layi na 1 kuma na kibod. Da zarar sigina ta shigo, sai guntun ya zaɓi mafi fifiko ya sanar da furosesa. Ita kuma ta ƙarasa umarnin da take kai, ta adana inda ta tsaya, ta duba jadawali ta nemo shirin da aka tanada domin wannan baƙo. In ta sallame shi, sai ta koma aikinta.

Layuka takwas sun yi kaɗan. A 1984 IBM ta ƙara guntu na biyu, masu amfani suka zama 15, amma na'urori ba su daina rikici a kan layi ɗaya ba. Daga baya aka sauya hanya: a yau na'urori da yawa ba su da layin kansu, saƙo kawai suke rubutawa a wani keɓaɓɓen adireshi, furosesa ta amsa.