Samarin Trinidad Da Suka Mayar Da Durom Ɗin Mai Abin Kiɗa

 Yau zan kai ku tsibirin Trinidad a yankin Karibiyan, unguwar talakawa da ake kira Laventille, a gefen babban birnin ƙasar, Port of Spain.

Mafi yawan mutanen unguwar jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka, kuma da kiɗan ganga suka taso. A 1884 Turawan mulkin mallaka na Ingila suka hana kaɗa ganga a titi. Sai mutane suka koma buga gora a ƙasa. Daga baya samari suka shiga dukan gwangwanin biskit da na fenti, har wajen 1946 wani matashi, Ellie Mannette, ya samu durom ɗin mai, ya lotsa gindinsa da guduma yadda kowane gurbi ke ba da sautinsa daban. Abin kiɗan da duniya ta sani da steelpan ke nan.

To amma fa a lokacin, kallon 'yan daba ake yi wa samarin nan. Kuma gaskiya ba su da dama: ƙungiyoyi irin su Invaders da Tokyo in suka haɗu a titi, sai adda da kwalba. Iyaye na hana 'ya'yansu zuwa wurin, 'yan sanda na kamawa.

Me ya canja lamarin? A 1951 aka tsinto gwanaye daga ƙungiyoyin da ke gaba da juna, aka haɗa su tawaga ɗaya zuwa Landan, suka burge Turawa. A 1963 aka fara gasar Panorama. Faɗan bai mutu dare ɗaya ba, amma yaron da yake kwana yana atisaye don unguwarsu ta ci kofi, ina ya ga lokacin yawo da makami? Gabar tana nan, sai dai ta koma kan dandamali.

A 1992 gwamnati ta ayyana steelpan a matsayin abin kiɗan ƙasa. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 11 ga Agusta.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne, samarin nan ba a sauya su da wasu ba, wurin nuna bajinta aka ba su. Ku faɗa min ra'ayinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.