Garin da Ya Ƙi Sayar da Huruminsa

Duk wanda ya taɓa neman fuloti a bayan gari ya san irin hoton da dillalai suke turowa ta WhatsApp. Taswira ce an yanka ta gida-gida, a tsakiyarta kuma ga wani wuri da aka shafa wa koren launi. Idan muka tambaya sai a ce nan ne filin wasan yara, can kuma lambun shan iska. Da yawanmu saboda koren nan muke ƙara kuɗi mu ɗauki fulotin da ke kallonsa. Bayan shekara biyar ko shida sai mu wayi gari mu ga tifa ta sauke yashi a wurin, mai gadi kuma ya ce ai wani Alhaji ne ya saya, da takardunsa cif. Wannan koren da ake jan hankalin mai saye da shi yana da tarihi, kuma wanda ya fi kowa yaɗa shi a duniya wani ɗan ƙaramin ma'aikaci ne a Landan da bai taɓa karatun zanen gini ba.

Sunansa Ebenezer Howard, an haife shi a 1850. Yana ɗan shekara ashirin da ɗaya ya tafi Amurka ya gwada noma a jihar Nebraska, noman ya ƙi shi, ya koma Shikago yana aikin ɗaukar bayanin kotu da rubutun gaggawa. A 1876 ya dawo gida ya ci gaba da wannan sana'a, yana rubuta muhawarar majalisar dokokin Ingila da zaman kwamitocinta. Landan ta wancan lokaci hayaƙin kwal ya turnuƙe ta, iyali guda a ɗaki guda, tarin fuka yana ta ɗibar mutane, ƙauyuka kuma suna zama kufai domin matasa sun gudo birni neman aiki. A 1898 Howard ya fitar da wani ɗan littafi, wanda aka sake bugawa a 1902 da sunan Garden Cities of To-morrow. A ciki ya zana maganaɗisu uku: birni mai aiki da albashi amma babu iska, ƙauye mai iska amma babu aiki, sai na uku wanda ya haɗa alherin biyun.

Lissafinsa a fili yake. A sayi eka 6,000 ta gona a kan farashin gona. A gina gari a kan eka 1,000, a bar eka 5,000 ta kewaye shi, gonaki da makiyaya da kurmi, ba mai taɓa ta har abada. Mutane kada su wuce 32,000. In gari ya cika, ba za a ci gonar ba, sai a tsallaka a kafa wani sabo. A tsakiyar gari a yi babban lambu, kowane gida kuma da ɗan lambunsa. Wannan ɓangaren shi ne masu talla suka ɗauka suka yi ta yayatawa. Amma akwai wani ɓangare da ya fi muhimmanci a wurin Howard, wanda ba ya fitowa a hoto: wa ya mallaki ƙasar? Ya lura cewa gona tana tsada ne idan mutane suka taru a kanta, wato jama'a ne suke ƙara mata daraja, mai ƙasa kuwa yana kwance yana kwasar riba. Sai ya ce ƙasar garin gaba ɗaya ta zauna a hannun amintattu, mazauna su riƙa biyan haya, masu zuba jari su karɓi riba ƙayyadajjiya, rarar kuma ta koma wa garin, a kula da tituna da makarantu da lambuna da tsofaffi.

A 1903 aka kafa kamfanin First Garden City Limited, ya sayi eka 3,818 a Letchworth, cikin gundumar Hertfordshire, mil talatin da 'yan kai arewa da Landan. An ƙayyade ribar masu hannun jari kada ta wuce kashi biyar cikin ɗari. Barry Parker da Raymond Unwin ne suka zana garin. Ba su bi da'irorin da Howard ya zana a littafi ba, sun bi yadda ƙasar take, tudu da kwari da rafi, suka lanƙwasa tituna don su kauce wa tsofaffin itatuwa. Ƙa'idar Unwin ita ce gida goma sha biyu a eka ɗaya, a lokacin da magina suke cusa ninkin haka har sau biyu ko uku. Suka bar Norton Common, fili mai ciyawa da kurmi da ya haura eka sittin, a cikin gari, ga shi nan har yau ana yawo da wasa a cikinsa. A nan ne ma aka yi shataletalen da ake cewa shi ne na farko a Birtaniya, wajen 1909.

Kada mu ɗauka komai ya tafi daidai. Kuɗi sun yi ƙaranci tun farko, masu hannun jari sun jira kusan shekara goma kafin su ga ko sisi. A 1905 aka yi baje kolin gidaje masu araha, kowane gida a kan fam 150, dubban mutane suka zo kallo ta jirgin ƙasa, amma leburorin da suka gina garin da yawansu hayar ta fi ƙarfinsu, sai suka zauna a garuruwan maƙwabta suna zuwa aiki a kan keke. Jaridun Landan kuma suka mai da mutanen Letchworth abin barkwanci, wai masu yawo da takalmin fade, masu ƙin cin nama. Mashayarsu ta farko, Skittles Inn, da aka buɗe a 1907, ba a sayar da giya a cikinta, koko da lemo kawai, kuma mazauna sun yi ta jefa ƙuri'ar ƙin lasin giya har zuwa ƙarshen shekarun 1950. Wannan kam da mutanenmu sun ji shi da sun ce ashe akwai 'yan'uwa a can.

Howard ya sake kafa wani garin, Welwyn, a 1920, a can ya rasu a 1928. Kafin nan tunaninsa ya riga ya fita daga hannunsa. 'Yan kasuwa sun gane cewa kore yana sayar da gida. Daga 1915 kamfanin jirgin ƙasa na Metropolitan ya riƙa buga littattafan talla da sunan Metro-land, cike da hoton ciyawa da kurmi da rafi, yana kiran ma'aikatan ofis su zo su sayi gida a gefen layinsa. Suka zo kuwa, gidajensu suka cinye yawancin ciyawar da aka nuna musu a hoto. Sai da gwamnati ta sa doka a 1938 don fara killace koren zobe a kewayen Landan. Dillalinmu na WhatsApp jikan waɗannan masu talla ne, ko da bai taɓa jin sunansu ba.

Mu kuma ta wata ƙofa daban abin ya shigo mana. A 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka yanke cewa maganin Bature shi ne ya nisanci inda baƙar fata ke kwana. Dokar birane ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, da umarnin da ya bai wa jami'ansa, suka tanadi unguwar Turawa daban, a kewaye ta da fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a yarda kowa ya gina gidan kwana a ciki ba. Wai sauro ba zai iya ƙetare shi ba, kamar dai sauron ya je makaranta ya koyi awo. Filin ba a bar shi haka ba, an ba da damar yin wasanni a cikinsa, shi ya sa a Kaduna da Kano da Zariya da Jos filayen golf da folo da sukuwa suke manne da unguwannin da muke kira Jiyare a yau. Manyan gidaje a tsakiyar fili, tituna masu inuwar maɗaci da mangwaro, duk kamannin garin lambu ne. Abin da aka cire shi ne zuciyarsa. Howard ya so koren zobe ya zama mallakar mazauna gari gaba ɗaya, a nan kuwa aka mai da shi katanga tsakanin mai mulki da wanda ake mulka. Mutumin Sabon Gari ko Tudun Wada yana iya shiga filin golf, amma a matsayin mai ɗaukar jaka.

Abin da ya fi ba mu haushi idan muka waiwaya shi ne ba mu kasance baƙi ga wannan tunani ba. Da Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da rubu'in ƙasar da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da filaye. Barth ma da ya zo a 1851 ya ga irin wannan. Dalilin na yaƙi ne, domin in abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya a samu inda za a yi shuka da kiwo, amma amfanin ya wuce yaƙi. Harshenmu yana da kalmomin da ke nuna cewa kakanninmu sun san ƙasar da ba ta kowa ba ce kuma ta kowa ce: hurumi a gefen gari, burtali na dabbobi, dandali inda 'yan mata ke gaɗa samari ke kokawa da langa, filin idi, kududdufin da ke shanye ruwan damina. Babu takardar mallaka a kan ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya tsare su shi ne kowa ya san iyakarsu, mai unguwa da dagaci suna nan, kuma wanda ya kafa shinge a dandali ba zai iya haɗa ido da maƙwabtansa a masallaci ba. Da gari ya faɗaɗa, maƙwabci ya daina sanin maƙwabci, ƙasa ta koma hannun gwamna bisa dokar 1978, sai wannan kunyar ta daina aiki, takarda ta maye gurbinta. Kududdufan Kano da aka cike aka gina a kansu, ruwan da suke riƙewa bai fasa zuwa ba, yanzu cikin ɗakuna yake kwana.

Abuja ma da aka tsara a takarda a 1979, an bar mata kwaruruwa da bakin rafuka da duwatsu a matsayin koren wuri, kuma a 2003 aka buɗe Millennium Park a Maitama. To amma yawancin masu aiki a Abuja ba a nan suke kwana ba. Suna Kubwa da Nyanya da Lugbe da Mararaba, inda yaro zai yi tafiya mai nisa bai ga filin da zai buga ƙwallo ba sai harabar makaranta, in mai gadi ya yarda. A Yamai kuwa tun 1965 aka fara dasa zoben dalbejiya a gefen birni don tare ƙurar hunturu, gidaje da bola sun ci wani babban sashe nasa.

Sai mu koma Letchworth, domin ita ma an gwada ta, gwaji irin wanda muka sani. Bayan yaƙin duniya na biyu aka cire ƙa'idar ƙayyade riba. Ƙasar da aka saya a farashin gona ta zama dukiya mai yawa, hannun jarin kamfanin kuwa yana kasuwa, kowa na iya saye. A 1960 wani kamfanin otal na Landan ya tattara hannun jari har ya karɓe iko, ya fara shirin sayar da filaye ga wanda ya fi ba da kuɗi. Bisa doka babu laifin da ya yi. Mutanen garin ba su tsaya a kan zagi da Allah ya isa ba. Ƙaramar hukumarsu ta shige gaba, aka yi taruka, aka ɗauki lauyoyi, aka kai ƙudiri majalisar dokoki ta ƙasa. A 1962 majalisa ta zartar da doka ta musamman domin wannan gari guda, ta karɓe ƙasar daga kamfanin ta damƙa wa wata hukuma da aka wajabta wa mayar da rarar kuɗi ga mazauna. Sai da aka biya masu hannun jari diyya mai nauyi, garin ya shafe shekaru yana biyan bashin.

A nan ne muke ganin bambancin da ke tsakanin koren taswirarmu da nasu. Iskarsu ba ta fi tamu tsarki ba, 'yan kasuwarsu kuma ba su fi namu tsoron Allah ba, labarin 1960 ya nuna haka. Filinsu yana da mai shi da aka rubuta sunansa a doka, yana da kuɗin shiga da ake yanke ciyawa da shi, kuma akwai wanda za a iya kai wa ƙara in ya ci amana. Namu kuwa sau da yawa launi ne kawai a takardar da dillali ya riƙe. Mai neman fuloti da ya ga koren nan yana da haƙƙin ya tambaya ko taswirar tana ɗauke da hatimin hukumar tsara birane, ko filin yana da lamba kamar sauran fulotai, da sunan wa aka rubuta shi, wa zai dasa itace ya ba shi ruwa a rani. In filin yana da lambar fuloti, to an riga an yi masa kuɗi, lokaci kawai ake jira. In kuma mazauna sun tare ba su kafa ƙungiyar da za ta nemi a rubuta filin da sunan unguwa ba, ba su kafa ko turakun raga sun dasa dalbejiya goma ba, wanda zai zo da tifa ba zai tarar da kowa a wurin ba.

A 1995 aka miƙa dukiyar Letchworth ga wata gidauniya ta mazauna, wadda har yau take karɓar hayar shaguna da masana'antu da gonaki tana kashewa a kan garin. Mutanen garin sun ɗan haura dubu talatin, kusan adadin da Howard ya rubuta a 1898. An yi hanyar ƙafa da keke mai tsawon mil goma sha uku da 'yan kai wadda ta zagaye garin ta cikin gonakin da aka saya a 1903, kuma manoma suna nan suna shuka alkama a gefenta.