Magani a Gidan Yari da Ragin Wa'adi: Nazari kan Tsarin Gwamnatin Tarayyar Amurka

Gabatarwa

Kusan rabin mutanen da ke tsare a gidajen yarin gwamnatin tarayyar Amurka laifin ƙwaya ne ya kai su. Da yawa daga cikinsu kuma su kansu mashaya ne, jarabar ta riga ta kama jikinsu tun kafin ɗan sanda ya kama hannunsu. Wannan ya sa a 1994 Majalisar Dokokin ƙasar ta sanya wani sashe cikin babbar dokar yaƙi da laifuka da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, wanda ya ba Hukumar Gidajen Yari ikon rage wa fursuna har shekara guda idan ya kammala shirin magani, muddin laifinsa ba na ta da hankali ba ne. Wannan maƙala tana ganin cewa saka wa mai neman magani da ragin wa'adi dabara ce mai kyau. Illar tana wajen ɗaure maganin da ladan tamau, har ladan ya zama shi ke zaɓar wanda zai warke.

Yadda shirin yake

Shirin, wanda ake taƙaita sunansa da RDAP, yana cin awa 500 cikin kimanin wata tara. Ana ware masu shi a ɓangare guda, nesa da sauran fursunoni. Rabin yini suna zaman magani, rabi kuma suna aiki ko karatu. Da safe duk 'yan ɓangaren sukan taru, wanda ya karya ƙa'ida ya miƙe a gaban 'yan uwansa ya amsa kuskurensa, su kuma su faɗa masa gaskiya ido da ido. Kowa na da littafin aiki da yake rubuta irin tunanin da ke zuwa masa kafin ya kai hannu ga ƙwaya: fushi ne, kaɗaici ne, ko ganin tsohon aboki. Masana halayyar ɗan Adam ke jagorantar zaman, manufarsu mutum ya gane tunanin tun yana tsiro, ya tare shi kafin ya zama aiki. Bayan wata taran, sai a ci gaba da bibiya, daga ƙarshe a kai shi wani gidan zango a cikin gari inda zai ƙarasa maganin yana fita neman aiki.

Ragin yana bin tsawon hukunci. Mai wata 30 ko ƙasa da haka ana iya rage masa wata shida, mai wata 31 zuwa 36 wata tara, mai wata 37 zuwa sama kuma shekara guda.

Hujjar masu goyon baya

Sukan da aka fi yi wa tsarin shi ne cewa wanda ya shiga don kwaɗayin fita da wuri bai tuba ba, wai hali zanen dutse ne. Wannan suka ta manta da yadda jaraba take. Mashayi da wuya ya zo wurin magani da zuciya ɗaya. A waje ma, uwa ce ke kuka, ko mata ta ce za ta tafi, ko maigida ya yi barazanar kora, sannan ya yarda. Abin da ya kawo mutum ƙofa daban, abin da zai tsayar da shi a ciki daban. Ragin wa'adi yana sa ya zauna wata tara cur, kuma tsawon zama na daga cikin abubuwan da suka fi nuna ko magani zai kama.

Alƙaluma sun goyi bayan haka. Binciken da Hukumar Gidajen Yari ta fitar a 2000 ya nuna maza da suka yi shirin sun ragu da kashi 16 cikin ɗari wajen sake faɗawa hannun hukuma cikin shekara uku, mata kuma da kashi 18. A 2022 Hukumar Tsara Hukunci ta Amurka ta bi diddigin waɗanda aka saka a 2010 na tsawon shekara takwas, ta ga yiwuwar sake kama wanda ya kammala shirin ta yi ƙasa da kashi 27 idan aka gwada da wanda ya cancanta amma bai shiga ba. Dole a karanta wannan da lura, domin mai juriyar kammalawa wataƙila da ma ya fi niyyar gyaruwa. Duk da haka sakamakon ya nufi gefe guda.

Inda lada ke ɓata magani

Matsala ta farko ita ce ƙarya. Da yake shekara guda ta rayuwa na hannun mai tantancewa, sai aka samu masu sayar da dabara. A 2019 masu gabatar da ƙara na tarayya a jihar Konetikat suka gurfanar da shugabannin wani kamfanin ba da shawara da ke koya wa waɗanda za a ɗaure yadda za su nuna alamun jarabar da ba su da ita. Duk gadon da maƙaryaci ya hau, an hana wani mai ciwon gaske ne, kuma wanda ya daɗe a layi yakan shiga a makare har ragin da zai samu ya zaizaye.

Ta biyu ta shafi alƙalai. Wani alƙali a Kalifoniya ya yanke wa wata mata, Alejandra Tapia, wata 51, yana cewa yana so wa'adin ya yi tsawon da za ta samu shiga shirin. Niyyarsa alheri ce, amma ta koma ƙarin ɗauri. A 2011, a shari'arta, Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce doka ba ta yarda a ɗaure mutum ko a tsawaita masa zama don a gyara halinsa ba. Wannan hukunci ya tsayar da ƙa'ida mai muhimmanci: gidan yari ba asibiti ba ne da za a tura mutum don jinya.

Ta uku ita ce wariya. A shari'ar wani fursuna mai suna Lopez a 2001, Kotun Ƙoli ta amince wa hukuma ta hana ragin ga duk wanda aka samu bindiga tattare da laifinsa, ko da bai harba ba. Baƙin da ake jiran a mayar da su ƙasashensu ma ba sa samu, tunda ba za a sake su zuwa gidan zango ba. Tsoron hukuma abin fahimta ne, amma sakamakonsa shi ne an cire kwaɗayin magani daga waɗanda al'umma ta fi bukatar su warke, alhali su ma wata rana za su fito.

Makon fita

Ko an kammala awa 500, tsugune ba ta ƙare ba. Wanda ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya manta da ƙarfin ƙwayar, amma hannunsa bai manta da adadin da ya saba ɗauka ba. Ya fito, ya koma unguwa, ya sha irin na da, numfashi ya tsaya. Wani bincike da aka buga a 2007 kan waɗanda aka saka daga gidajen yarin jihar Washinton ya nuna cewa a mako biyun farko haɗarin mutuwarsu ta shan ƙwaya fiye da ƙima ya ninka na sauran mazauna jihar sau 129. Ashe sakin wuri ba tare da kulawa ba na iya zama gaggawar kai mutum kabari.

Jihar Rod Ailan ta nuna mafita. A 2016 ta fara ba fursunoninta masu jarabar hiroyin da danginta, wato gidan da tiramol da kodin suka fito, magunguna irin su metadon da bufrenofin, kuma ta haɗa su da asibitin da zai ci gaba da ba su bayan fita. Cikin shekara guda, mace-macen shan ƙwaya fiye da ƙima a tsakanin waɗanda ba su daɗe da fitowa ba suka ragu da kimanin kashi 60 cikin ɗari. A nan ciwo aka duba wajen zaɓar mai shan magani, ba takardar tuhuma ba.

Kammalawa

Ragin wa'adi ya cancanci a riƙe shi, a kuma faɗaɗa shi, domin yana jawo mutane zuwa maganin da ba za su nema da kansu ba. Sai dai ya kamata likita ya tantance mai ciwo da idon likita, a samar da isassun gadaje don layi kada ya cinye ragin, a ba kowane mai jaraba magani ko ya cancanci sassauci ko bai cancanta ba, sannan kulawar ta raka shi har ƙofar gidansa. Duk ƙasar da ta sauya wa kurkukunta suna zuwa gidan gyaran hali, kamar yadda Nijeriya ta yi a 2019, ta ɗauki wannan alkawari a wuyanta. Ma'aunin cika shi kuwa shi ne yawan waɗanda suka fita, suka rayu, kuma ba su dawo ba.