Ina Sauran Gigar? Tarihin Rigimar 1000 da 1024

Rubutun wannan makon tarihin wata rigimar lissafi ne da kusan kowa ya taɓa cin karo da ita. Ka sayi filashi an rubuta 32GB a jikinsa, ka sa a kwamfuta ta nuna maka 29.8, sai ka ce mai shago ya cuce ka. Sau da yawa ba shi da laifi. Mudu biyu ne ake awo da su, kuma sunansu ɗaya.

Kalmar bayit Werner Buchholz ne ya ƙirƙiro ta a 1956 a kamfanin IBM, kuma sai bayan fitowar kwamfutar System/360 a 1964 aka saba da bit takwas a matsayin bayit guda. Rikicin ya taso ne wajen ninkawa. Kwamfuta da bibbiyu take ƙirga: 2, 4, 8, 16, har ninki na goma ya kai 1024. Injiniyoyi suka ga adadin ya yi kusa da dubu, sai suka aro kalmar kilo suka liƙa masa. Alhali kilo tun asali dubu ce cif, kamar a kilomita da kilogiram.

A lokacin ba wanda ya damu, don rarar 24 ce kawai a kan dubu. Amma tazarar girma take yi: kusan kashi 5 cikin ɗari a mega, fiye da 7 a giga, kusan 10 a tera. Masu ƙera ma'adanai suna awo da 1000, Windows kuma tana rabawa da 1024. Raba 32,000,000,000 da 1,073,741,824 ka ga 29.8 ɗin nan. Haka ma tera ɗaya ke komawa giga 931.

Abin dariya a tarihin nan shi ne tsohon faifan fulofi mai 1.44MB. Bayit 1,474,560 yake ɗauka, wato 1440 sau 1024. An gwama mudun biyu a awo ɗaya! Da mudun dubu 1.47 ne, da ɗayan 1.41.

A 1998 hukumar IEC ta fito da sababbin sunaye don mudun 1024: kibibayit, mebibayit, gibibayit. A ganina gyaran daidai ne, sai dai ya zo a makare, kuma sunayen ba su da daɗin faɗa. Maganar ta kai kotu a Amurka, inda Western Digital a 2006 da Seagate a 2007 suka yi sulhu da masu saye. Apple ta koma mudun dubu a 2009. Windows har yau da 1024 take ƙirga, tana rubuta GB.

Mu marubuta nauyinmu kaɗan ne. A tsarin UTF-8 harafin boko bayit ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ bibbiyu suke ci. Duk da haka littafi mai kalmomi dubu sittin, tsurar rubutu, bai kai rabin mega ba. Filashin da ya nuna 29.8 ba shi ne abin tsoro ba. Na jabu yakan nuna cikakken adadi, sai ka zuba masa fiye da ainihin cikinsa, fayilolinka su ƙi buɗuwa.