Yunwa ce ko Maƙurewa? Karanta Alamomin Ganye a Tumatir da Tattasan da Ake Reno Cikin Dusar Kwakwa a Yankin Karaye da Rogo

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda masu renon tumatir da tattasai a Yola da kewayenta, cikin yankin Karaye da Rogo, suke fassara alamomin da ganye ke nunawa idan an shuka iri cikin dusar ɓawon kwakwa maimakon ƙasa. Hujjarta ita ce, yawancin abin da ake kira yunwar taki a cikin dusar, maƙurewar kalsiyam da maganiziyam ce wadda dusar da kanta ke haddasawa, kuma ƙarin kamfa ko yuriya tsananta ta yake yi. Ta kuma ja da shawarar da ke yawo a intanet cewa a riƙa zuba haɗin kalsiyam da maganiziyam a kowane ban ruwa ba tare da awo ba.

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙaramar hukumar Karaye a 1992, noman rani ya zauna da gindinsa a wannan ɓangare na yammacin Kano. Manomi ya saba yin bedi a ƙasa, ya yafa iri, ya lulluɓe da ciyawa, bayan mako uku zuwa huɗu ya ciri dashe. Tsadar ingantaccen iri, wanda ake sayarwa kusan da ƙirge, da ɓarnar da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a Arewa a 2016, suna cikin abin da ya sa wasu matasa suka koma reno a tire, ƙarƙashin rumfar raga ko ta leda. Abin da ake cika tiren da shi, galibi, dusar ɓawon kwakwa ce, wadda 'yan kasuwa ke kira kokofit, tana zuwa a matse kamar bulo, a jiƙa ta ta kumbura.

Idon manomin da ya girma kan jigawa da fadama ido ne mai gani, amma a kan ƙasa aka horar da shi. Da ganye ya yi ɗorawa sai ya ce shuka na jin yunwa, a ƙara mata kamfa. A gonar masara sau da yawa yana da gaskiya, domin ƙasar savana ta talauce da naitirojin, kamar yadda aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya daɗe da tabbatarwa. Tambayar maƙalar ita ce ko wannan hukunci yana nan daram idan babu ƙasa ko kaɗan a cikin tiren.

Waiwaye

Tushen ilmin ba abin jayayya ba ne. Arnon da Stout (1939) sun shimfiɗa sharuɗɗan da sinadari zai cika kafin a ce shuka ba ta rayuwa sai da shi, kuma littafin Marschner kan abincin tsirrai, wanda ya fara fitowa a 1986, ya bayyana waɗanda ke ƙaura daga tsohon ganye zuwa sabo da waɗanda ba sa ƙaura. Kan dusar kwakwa kuwa, Handreck (1993) ya nuna tana da yawan fotasiyam, tana kuma riƙe wani kaso na naitirojin. Evans da abokan aikinsa (1996), da Abad da abokan aikinsa (2002), sun nuna cewa dusa ta sha bamban daga wannan tushe zuwa wancan, musamman a yawan gishiri. Ba abin mamaki ba ne, tunda a gabar tekun Kerala ta Indiya an daɗe ana jiƙa ɓawon kwakwa cikin ruwa mai gishiri don a sami zarensa.

Inda jayayyar take shi ne rubuce-rubuce da bidiyoyin da matasanmu ke koyo da su a waya. Kaso mai tsoka na bayanin da ke intanet kan ciyar da shuka cikin dusar kwakwa ya fito ne daga masu shuka tabar wiwi cikin ɗaki a Amurka da Kanada, inda doka ta halatta ta a wasu jihohin Amurka, a Kanada kuwa a faɗin ƙasar tun 2018. A Nijeriya noman ta laifi ne, kuma yana cikin abin da hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, take yaƙa. Ba shukar ce ta dame mu a nan ba, shawarar da ke biyo ta ce. Waɗancan mutane suna aiki da ruwan da inji ya tace har ya raba shi da kusan dukkan ma'adinansa, ƙarƙashin fitila, cikin ɗakin da na'ura ke daidaita zafinsa da danshinsa. Don haka maganinsu ga kowace cuta ɗaya ne, a ƙara haɗin kalsiyam da maganiziyam da suke kira Cal-Mag. Sun gano cutar daidai, amma maganinsu an auna shi ne da ruwansu da iskarsu. Matashin da ke ɗiban ruwa daga rijiyar burtsatse ko daga magudanar Challawa, iskar hunturu na busa masa tire, idan ya kwafi wannan ba tare da awo ba, gishiri yake tarawa a saiwa da kuɗinsa.

Hanyar bincike

An bibiyi masu reno a tire a Yola da maƙwabtanta a lokacin rani, an duba ganye da saiwa, an tambayi yadda suka shirya dusa da irin takin da suke narkawa. An auna pH, ma'aunin tsami, da yawan gishirin ruwa, wato EC, da na'urar hannu, a ruwan da ake zubawa da wanda ke ɗigowa ta gindin tire, bisa dabarar da Wright (1986) ya bayyana. An kuma gwada abin da aka gani da abin da magabata suka rubuta.

Sakamako da tattaunawa

Abin da ya fi maimaituwa shi ne wannan. Iri ya tsiro lafiya, ganyen fari biyu sun buɗe kore shar. Da ganyen gaske ya fara fitowa sai tsiron ya tsaya cak. Sabon ganye na kan toho ya fito a murɗe, bakinsa ya lanƙwashe ƙasa, wani lokaci gefensa ya bushe kamar an kusantar da shi wuta. A ƙasa kuma tsohon ganye ya yi ɗorawa, amma ba duka ba, tsakanin jijiyoyi ne ya koɗe, jijiyoyin suna nan kore. Idan aka zare tsiron daga raminsa, bakin saiwar ya yi ruwan ƙasa, ya dunƙule maimakon ya miƙe fari tas. Mai tiren ya ga ɗorawa, ya narka kamfa 15-15-15 ko yuriya ya zuba. Ganye ya ɗan ƙara duhu, ya ce magani ya ci, bayan kwanaki murɗewar ta ƙaru.

Hoton nan ba na ƙarancin naitirojin ba ne. Naitirojin yana ƙaura cikin jikin shuka, kuma idan ya yi ƙaranci tsohon ganye yana koɗewa baki ɗaya, har jijiyoyinsa. Ɗorawar tsakanin jijiyoyi a tsohon ganye alamar maganiziyam ce, wanda shi ne ke tsakiyar ƙwayar da ke ba ganye korensa, kuma shi ma yana ƙaura, shi ya sa shuka ke kwashe shi daga ƙasa ta kai sama. Murɗewar toho da mutuwar bakin saiwa kuwa na kalsiyam ne, wanda inda ya sauka nan yake zama, ba ya komawa sabon ganye. Ganin alamomin biyu tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, shi ne ya kamata ya tsayar da hannun mai reno kafin ya kai ga buhun taki.

Dalilin yana cikin dusar. Zarenta yana da gurabe masu jawo sinadarai su riƙe, kuma tun daga itacen kwakwa waɗannan gurabe cike suke da fotasiyam da sodiyam, masu caji ɗaya-ɗaya. Kalsiyam da maganiziyam masu caji biyu ne, gurbin ya fi riƙe su da ƙarfi. Saboda haka da zarar an zuba ruwa mai ɗauke da su, dusar za ta kama su ta saki fotasiyam da sodiyam cikin ruwan da saiwa ke sha. Halin sabuwar randa gare ta, sai ta sha ta ƙoshi kafin ta ajiye wa mai ita ruwa. Tsiron yana zaune ke nan cikin ruwan da aka yi masa musanya: abin da yake nema an ɗauke, abin da yake da shi har ya yi yawa an ƙara masa. Yawan fotasiyam a bakin saiwa kuma yana danne shan kalsiyam da maganiziyam, ko da akwai ragowarsu.

A nan ne kamfa ke yin ɓarna. Buhun 15-15-15 yana kawo ƙarin fotasiyam inda ya riga ya yi yawa, kalsiyam da maganiziyam ɗin da ake nema kuwa ba don su aka haɗa shi ba. Yuriya, mai naitirojin kashi 46 cikin ɗari, tana rikiɗa ta zama amoniyam, shi kuma yana gogayya da kalsiyam wajen shiga saiwa. A gona ƙwayoyin halittar ƙasa suna saurin mayar da amoniyam naitiret, a sabuwar dusa ba su da yawa tukuna. Ɗan duhun da ganye ke yi bayan an zuba yuriya gaskiya ne, kuma shi ne ke yaudarar mai reno ya sake zubawa.

Masu reno da yawa sun ce ai sun wanke dusar. Wanki da ƙosarwa abu biyu ne. Wanki da ruwa zalla yana fitar da gishirin da ke yawo a sake, ba ya taɓa wanda ke maƙale a gurabe. Ƙosarwa ita ce a jiƙa dusar cikin ruwan da aka narka takin kalsiyam naitiret, ta kwana, a tsiyaye, a ɗauraye, domin musanyar ta auku a cikin baho tun kafin iri ya shiga. Wannan taki, mai naitirojin kusan kashi 15.5 da kalsiyam kusan kashi 19 cikin ɗari, yana ba da naitirojin ta hanyar da ba ta gogayya da kalsiyam. Maganiziyam kuma ana samun sa a gishirin Epsom. Sai dai ba a narka su biyun da kauri a mazubi ɗaya, domin za su haɗu su zama farin ƙasa-ƙasa ya kwanta a gindin bokiti. Inda aka ƙosar da dusa kafin shuka, hoton da aka zayyana a sama bai cika bayyana ba, kuma a ganin mai wannan bincike wannan mataki ɗaya ya fi duk wani feshi da za a yi daga baya.

Akwai ɓangaren da masu Cal-Mag suka tsallake. Kalsiyam yana hawa jikin shuka ne tare da ruwan da ganye ke fitarwa. Ramin tire ƙarami ne, iskar hunturu da zafin bazara suna busar da shi cikin sa'o'i, kuma dusa tana iya yin duhu a sama alhali gishiri ya yi kauri a ƙasa. Duk lokacin da ta bushe, hawan kalsiyam ya yanke. Haka lamarin yake ga baƙin gindin tumatir a manyan shukoki da ke cikin leda. Ho da White (2005) sun danganta shi da ƙarancin kalsiyam a ƙwayoyin gindin ɗan tumatir lokacin da yake saurin girma, Saure (2001) kuwa ya ce wahalar da shuka ke sha ita ce kan gaba, ƙarancin kalsiyam biyo baya yake yi. Ga mai rumfa a Karaye, ra'ayoyin biyu wuri guda suke kai shi: ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, har ya riƙa ɗigowa ta gindi ya wanke gishiri, ya fi zuba kalsiyam a dusar da ke bushewa kullum da azahar. Maas da Hoffman (1977) sun nuna amfanin tumatir yana fara raguwa idan gishirin ƙasa ya wuce 2.5 a ma'aunin EC, na tattasai kuwa tun daga 1.5. Shi ya sa tattasai da attaruhu suka fi saurin ƙonewa a baki idan aka ciyar da su da ma'aunin tumatir.

Sauran alamomin ba sa buƙatar dogon bayani. Sabon ganye da ya yi fari-fari tsakanin jijiyoyi ba tare da murɗewa ba, ƙarfe ne ya maƙale, yawanci saboda pH ya haura. A dusa ana son sa tsakanin 5.5 da 6.5, ruwan wasu rijiyoyi kuma yana tura shi sama sannu a hankali. Bayan ganye da ya yi shunayya a Disamba da Janairu sau da yawa sanyin dare ne ya rage wa saiwa shan fosfaras, kuma yakan warware da ɗumi ya dawo. Murɗewar ganye zuwa sama haɗe da ɗorawa a gefe, musamman in an ga farin ƙuda a bayan ganye, cutar bairos ce, babu takin da zai yi mata magani. Malamin gona da ya tarar da tire mai ciwo, kafin ya ba da shawara, ya fara duba ko alamar a sama take ko a ƙasa, sannan ya tari ruwan gindin tire ya auna. Idan gishirinsa ya ɗara na wanda aka zuba da nisa, ɗauraya ake buƙata, ba ƙarin taki ba.

Iyakokin bincike

Za a ce ba a kai ganye ɗakin gwaji an auna sinadaransa ba, kuma na'urar hannu tana faɗin yawan gishiri ne kawai, ba ta rarrabe sodiyam da fotasiyam. Haka ne. Za a kuma ce bulon dusa da ke kasuwa ba ya zuwa da bayanin asalinsa, don haka abin da aka gani a wannan rani yana iya sauyawa da sabon kaya. Wannan ma haka ne, amma ƙarfafa hujjar ƙosarwa yake yi, tunda mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin bulon. Awon ganye da na ruwan rijiyoyin Yola da Rogo aiki ne da ɗakunan gwajin Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda suka fi mai na'urar hannu kayan yin sa, kuma lokacin da ya dace a ɗebi samfurin shi ne Oktoba da Nuwamba, sa'ilin da tire suke cike da dashen rani.