Ɗaukar farashi a lokacin annoba: abin da tarihin Damagaram ke nunawa (1851–2020)

Gabatarwa

Masu tarihin tattalin arziki sun saba ɗaukar jerin alƙaluman farashi kamar abin da ya rubuta kansa. A wannan maƙala muna so mu tuna cewa bayan kowane adadi akwai mutum wanda ya tashi ya je kasuwa, ya yi magana da mai saidawa, ya ga awo da idonsa, kana ya rubuta. Annoba kuwa wannan mutumin take fara tarewa. Mu ba masana ƙididdiga ba ne, fanninmu kimiyyar harshe ne, kuma ta wannan ƙofa za mu shiga batun, domin a kasuwar Hausa farashi magana ne kafin ya zama lamba.

1. Zamanin wuri

A daular Damagaram ta ƙarni na 19 akwai masu sanin farashi: sarkin kasuwa, dillalai, fatomai masu saukar da fatake a Zango, da ƴan awo. Amma saninsu na ka ne da na baki. Alƙaluman da suka iso gare mu galibi daga alƙalamin baƙi suka fito. James Richardson ya sauka Damagaram a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta abin da ya gani, har da kuɗin bayi a lissafin wuri. Ya bar garin a watan Fabrairu, ciwo ya kama shi a hanya, ya rasu ranar 4 ga Maris kafin ya kai Kukawa. Ke nan tun a shafin farko na wannan tarihi rashin lafiyar mai rubutu ce ta yanke jerin. Heinrich Barth ya zo a ƙarshen Disamba na 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu na 1853. Hoton wata guda ne, bayan girbi, lokacin da hatsi ke araha. Bai ga bazara ba.

Akwai wahala ta biyu. Shi kansa wurin ba tsayayyen ma'auni ba ne. Barth ya tarar ana canjin dala guda ta azurfa a kan wuri 2,500 a Kano a 1851, amma kafin ƙarshen ƙarnin darajar wuri ta zube ƙwarai, saboda tulin da kamfanonin Turai suka riƙa jigilarsa daga gaɓar Zanzibar, kamar yadda Hogendorn da Johnson (1986) suka bayyana. Wanda ya kwatanta kuɗin hatsi na zamanin Ibrahim da na ƙarshen mulkin Tanimun (ya rasu 1884) ba tare da wannan ba, zai ga tsada inda babu sai lalacewar kuɗi. A kan haka ne kuma annobar shanu ta 1890–1891 ta faɗo ma Sahel, wadda Monteil ya ga ɓarnarta a tafiyarsa zuwa Borno. Nama, nono, fata da kuɗin sufuri duk sun motsa a lokaci guda, alhali ba wani mai littafi da ke zaune a kasuwar Birni.

2. Marisuwa da takardun kumandan

Faransawa sun shiga Damagaram a ƙarshen Yuli na 1899, garin kuma ya zama hedikwatar Nijar daga 1911 zuwa 1926. Daga nan takarda ta yawaita, kuma daga irinta, haɗe da hira da tsofaffin ƴan kasuwa, Stephen Baier (1980) ya gina tarihin tattalin arzikin yankin. Sai dai ya kamata ɗalibi ya rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai farashin da kumandan ya ji a kasuwa ya saka cikin rahotonsa, akwai kuma abin da Nasara ke kira mercuriale, wato ƙimar da hukuma ta yanke ma kaya don lissafin kuɗin duwan. Na biyun hukunci ne na ofis, yana iya zama daram wata shida ko da kasuwa ta kife.

Murar 1918, wadda Hausawa suka raɗa ma suna Marisuwa, ta sauka Ikko a watan Satumba, ta bi layin dogo zuwa Kano, daga nan hanyoyin fatake suka yaɗa ta. A Najeriya kaɗai an ƙiyasta ta kashe wajen rabin miliyan. Ta tarar da Damagaram a gajiye: yunwar 1913–1914, ɗibar soja da kaya na Yaƙin Duniya na Farko, sai tawayen Kawsan na 1916–1917 da murƙushe shi, wanda ya halaka raƙuman Abzinawa masu ɗauke da cinikin gishiri da hatsi. Gwamnatin da ke riƙe da ƙasa mai faɗi haka da ƴan tsirarun hafsoshi da tafintoci, in cuta ta kwantar da biyu daga cikinsu, ƙirgar matattu da tara haraji za su riga tambayar kuɗin tiya.

Wannan annoba ta bar darasi guda da zai amfane mu a gaba. Don Ohadike (1981) ya nuna cewa a ƙasashen ƙasan kogin Kwara, rashin hannuwan aiki bayan murar ya sa mutane suka karkata daga doya zuwa rogo, wanda bai son wahala da yawa. Wato annoba na canja abin da ke cikin tukunya. Mai bin kuɗin doya kaɗai zai ci gaba da auna abincin da mutane suka rage ci.

3. Yadda ake gina ma'aunin farashi na yau

Bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, ƙasashen UEMOA suka ga dole su auna tsadar rayuwa da hanya guda. Da taimakon AFRISTAT, mai mazauni a Bamako, aka kafa ma'aunin bai ɗaya, IHPC, wanda shekararsa ta tushe a lokacin ita ce 1996. A farkonsa babban birni kaɗai yake kallo, wato Yamai; sai da aka sabunta shi bisa tushen 2014 aka faɗaɗa shi zuwa sauran ƙasa. Shekaru da dama, ke nan, «tsadar rayuwa a Nijar» na nufin tsadar Yamai. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, wadda aka kafa a 2004, ita ke fitar da shi kowane wata. A gefe guda akwai SIMA, tsarin da ke bin farashin hatsi da sauran amfanin gona a kasuwannin ƙasa, wanda asalinsa ke komawa ƙarshen shekarun 1980.

Ƙa'idar mai sauƙi ce a takarda. Ana zaɓen kwandon kayan da iyali ke saye, a ba kowane abu nauyinsa gwargwadon abin da yake ci a aljihu, sa'annan ma'aikaci ya koma wuri guda, ya nemi kaya iri guda, wata bayan wata. A kanti mai rubutaccen farashi wannan ba wuya. A Kasuwar Dole ranar Alhamis lamarin dabam ne. Hatsi da tiya ake auna shi, tumatir da tattasai kashi-kashi, kuma don haka ne tsarin IHPC ya tanadi cewa abin da ba a saida shi da kilo, ma'aikaci ya saye shi ya ɗora a sikeli. Tiya dai takan kai kilo biyu da rabi na hatsi, amma cikarta a hannun mai awo take: ko a yi mata tozo, ko a share bakinta, ko a ƙara gyara. In tsada ta zo, mai kashin tumatir ba lalle ya ƙara kuɗi ba, sai ya rage ɗaya daga cikin kashin. Sikeli ne ke kama wannan.

A nan ne mai nazarin harshe ke da abin cewa. Kalmar «farashi» ararriya ce daga Ingilishi, kuma tana ɗauke da tunanin cewa kaya na da kuɗi guda tsayayye. Hausar kasuwa ba ta faɗi haka ba. Tana da sa suna, da tayi, da «albarka» wadda ke nufin ban yarda ba, da ragi, da sallamawa. Tsakanin kuɗin da aka sa ma kaya suna da kuɗin da aka sallama akwai zance, wani lokaci doguwa, kuma tsawonta ya danganta da wanda ke tsaye: baƙo ne ko abokin ciniki, mai riga ta ofis ne ko uwar gida. Ga kuma lissafin kansa. Mutumin Damagaram da dala yake ƙirga, dala guda tamma biyar. In ya ce «ɗari» yana nufin sefa 500, in ya ce «jika» yana nufin 1,000. A Magarya da Matamai kuma naira na yawo tare da sefa. Ma'aikacin da ke tsaye gaban kaya yana warware duk wannan ba tare da ya lura ba.

4. Shekarar 2020

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar ranar 19 ga Maris na 2020. A kwanakin nan aka rufe iyakoki ga matafiya da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, aka rufe makarantu da masallatai, kafin ƙarshen wata aka sa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka killace Yamai. A Mirya rufe masallatai ya jawo tarzoma. Ba a sake buɗe wuraren ibada ba sai 13 ga Mayu, azumi ya riga ya yi nisa.

Ga Damagaram, korona ta hau kan wata matsala da ta riga ta. Najeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa tun Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. A Maris babban bankin Najeriya ya rage darajar naira, a Afrilu aka kulle Kano, garin da kasuwarsa ta Dawanau ke jan farashin hatsi na dukkan yankin. Rufe iyaka, faɗuwar naira, kulle, azumi da shigowar bazara, duka cikin ƴan makwanni. Ko da alƙaluma cikakku ne, ware rabon annoba daga cikin waɗannan aiki ne mai wuya, kuma muna shakkar duk rubutun da ya jingina motsin farashin wannan shekara ga korona ita kaɗai.

Matsalar ɗaukar farashi kuwa ta duniya ce gaba ɗaya. A tsakiyar Maris ofishin BLS na Amurka da INSEE na Faransa suka dakatar da tura ma'aikata shaguna, suka koma ga intanet, tarho da bayanan na'urorin kantuna. Inda kaya suka ɓace sam, kamar tikitin jirgi ko abincin gidan cin abinci, Eurostat ta ba da shawarar a cike gurbi da lissafi (imputation): ko a maimaita kuɗin watan baya, ko a ɗora ma abin motsin ƴan uwansa, ko na ma'aunin gaba ɗaya. Alberto Cavallo (2020) ya sake lissafin Amurka da kwandon da mutane ke saye a zahiri lokacin kulle, mai yawan abinci da ƙarancin sufuri, ya samu tsadar ta ɗara wadda hukuma ta bayyana. Wannan shi ne darasin rogo na Ohadike da sabuwar riga.

A ƙasashenmu, inda kaɗan ne daga cefanen gida ke bi ta na'urar kanti, mafita ɗaya ita ce salula. Hukumar abinci ta duniya, PAM, ta gwada tambaya ta waya lokacin Ebola a Gini, Laberiya da Saliyo a 2014, kuma ofishin ƙididdiga na Najeriya ya fara kiran magidanta tun Afrilu na 2020. Ba mu raina salula. Jenny Aker (2010), da alƙaluman kasuwannin Nijar, ta nuna zuwanta tsakanin 2001 da 2006 ya rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Amma a wancan binciken ɗan kasuwa ne ke kiran ɗan kasuwa, kowa ya san harshen kowa. In ma'aikacin gwamnati ya kira ya ce: «Alhaji, nawa tiya yau?», amsar da zai samu suna ce aka sa, ba sallamawa ba. Ba ya ganin tozo, ba ya ganin gyara, ba ya iya taɓa hatsin ya san sabo ne ko tsoho, na gida ne ko na Najeriya. Kuma wa ke da lamba a littafin ma'aikaci? Babban ɗan kasuwa mai sito. Tsohuwa mai kashin kuɓewa a bakin hanya, wadda talaka ke saye a wurinta, ba ta ciki. Sauya hanyar ɗauka ya sauya abin da ake aunawa, amma layin da ke kan jadawali ya ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Wannan ne, a ganinmu, babban bambanci tsakanin 1918 da 2020. Giɓin tsohuwar takarda a fili yake, mai bincike ya ga wata babu adadi ya tsaya ya yi tambaya. Giɓin zamani an cike shi da lamba mai kama da sauran, har da ɗigo da abin da ke bayan ɗigo. Ofisoshin Turai sun riƙa sa alama a kan adadin da aka ƙiyasta, amma alama irin wannan takan faɗi a hanya, yayin da ake kwafar jadawali daga rahoto zuwa rahoto, daga nan zuwa kundin ɗalibi.

Batun bai tsaya ga masana ba. Da waɗannan alƙaluma ake auna ko ƙasa ta wuce iyakar kashi 3 cikin ɗari na hauhawar farashi da UEMOA ta gindaya, yarjejeniyar da shugabannin ƙungiyar suka jingine ranar 27 ga Afrilu na 2020 saboda annobar. Da su kuma ake duba inda OPVN za ta kai hatsin rahusa a lokacin bazara. Wanda ya ga 2005 a Tanut ko Mirya ya san cewa a waccan shekara hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin mutane. Adadin da aka maimaita daga watan baya yana cewa farashi bai motsa ba, a daidai makon da ya fi yiwuwa ya motsa.

Ga ɗalibanmu da za su yi aiki a kan jerin farashin jihar Damagaram na Maris zuwa Yuni na 2020, muna ba da shawarar su fara da neman takardun ɗauka na asali, su tambayi kowane adadi: an saye an auna, an ji ta waya, ko an lissafa? Su kuma yi hira da ma'aikatan da suka yi aikin da ƴan awon Kasuwar Dole tun ƙwaƙwalwa na da ɗumi, su naɗi hirar da Hausa, su rubuta kuɗin yadda aka faɗe shi, da dala ko da naira, kafin su mai da shi sefa.