Yadda Gonakin Bayan Tawa Suka Zama Unguwanni

Wanda ya taso daga Barmu ya nufi Tawa, tun kafin ya shiga gari zai fara cin karo da ƙananan turakun siminti da aka kakkafa a jere, a wurin da shekarun baya gero ne ke tsaye. Can gaba ga katanga babu ɗaki a cikinta, ga ɗakuna biyu an kai su bakin taga an tsaya, ga kuma gida mai fenti da ƙofar ƙarfe wanda mai shi yana Abijan ko Sabha. Haka sababbin unguwannin Adar, ƙasar da Tawa take cikinta, suke tsirowa. Ba kasafai ake sayen gida ginanne ba. Fili ake saya, a bi shi da gini shekara da shekaru.

A da ba haka abin yake ba. Tawa ta taso ne daga ƙauyuka biyu maƙwabtan juna, Bilbis da Fakawa, kuma a cikinsu, kamar a Barmu da sauran garuruwan Adar, ƙasa tana hannun zuriyar wanda ya fara saran daji. Baƙon da ya zo da niyyar zama, wajen mai gari za a kai shi, a nuna masa wuri, ya yi godiya da goro. Ɗa idan ya yi aure, sai a yanka masa sashe a gidan ubansa, 'yan uwa su taru su kwaɓa laka, su ɗebo dutse, wanda Adar ba ta rasa shi ba. Daga nan ne lungunan tsofaffin unguwanni suka samo lanƙwasarsu: kowace katanga ta bi dangantaka, ba ta bi igiyar mai awo ba.

Igiyar awo ta zo ne da Faransawa, waɗanda suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20. Dokar 1932 ta tsara rajistar filaye a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, ta 1935 kuma ta ce duk ƙasar da ba a ga mai ita ba ta gwamnati ce. A takarda wannan babban juyi ne. A ƙasa kuwa, iyakarsa unguwar ma'aikata da kewayen kasuwa, inda aka ja tituna miƙaƙƙu aka yanka filaye masu kusurwa huɗu. Manomin Barmu bai san an yi ba.

Bayan Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, Tawa ta zama babban birnin jiha a 1964, ma'aikata suka ƙaru. Kamfanin gine-gine na gwamnati, SONUCI, ya fi mayar da hankali ga Yamai, don haka malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti a Tawa haya yake kamawa. Sai aka shimfiɗa kwaltar yuraniyom daga Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, garin ya zama zangon manyan motoci. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka koro makiyaya da manoma daga arewa, da yawansu ba su koma ba. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen 31,000 a Tawa. Ta 2012 ta sami fiye da 117,000.

Amma wanda ya gina bayan garin da gaske shi ne ɗan bida, wato ɗan ci-rani. Adar ƙasa ce mai tudu da dutse, damina gajeriya, gona ba ta ciyar da gida wata goma sha biyu. Tun zamanin mulkin mallaka samarinta suke fita bayan girbi, da farko zuwa Gana da Najeriya, daga baya Kodebuwa, Kamaru, Gabon, Afirka ta Tsakiya da Libiya. Kuɗin farko na hatsi ne, na biyu na aure, na uku na kwanon rufi. Wanda Allah ya buɗa masa sai ya rushe ɗakin laka na mahaifiyarsa a ƙauye ya tayar da na siminti, sannan ya fara tunanin fili a Tawa, inda ake da makarantar lise da babban asibiti da masu haya.

Akwai dalilin da ya sa tunanin fili ya kama zukata haka, kuma dalili ne mai ciwo. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta yi haka a 1983. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Rikicin Kodebuwa ya ɓarke a 2002, yaƙin Libiya a 2011, na Bangi bayan shekara biyu. A kowace kora da kowane yaƙi Adarawa sun dawo gida, wasu daga su sai kayan jikinsu, sun bar shaguna da hajoji a baya. Wanda ya riga ya sayi fili a gida, ya tarar da abinsa yana nan. Ba sai an yi wa kowa wa'azi ba. Yau ɗan bida yana turo kuɗi ta Nita ko Al Izza, ƙaninsa ya sayi simintin Malbaza buhu ashirin, magini ya buga birgi, a ɗauki hoto a tura masa ta WhatsApp ya ga inda aka kwana.

Ta ɓangaren hukuma, abubuwa biyu suka buɗe ƙofa. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin filaye masu ba da takardar shaidar gado, kyauta ko saye. Gonar da a da ake cewa ta gida ce, yanzu tana da takarda, abin da ke da takarda kuwa yana sayuwa. Sannan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba garuruwa magadan gari, Barmu ma ta sami nata. Ma'aikatar magajin gari tana da albashi a wuyanta, haraji ba ya shigowa yadda ya kamata, sai lotisma ta zama hanyar kuɗi mafi sauri: a karɓi gonaki, a kira masu awo, a yanka filaye na murabba'in mita 300, 400 ko 600, a ba masu gonar kasonsu, a sayar da saura. Gwamnatin tsakiya ma ta bi wannan hanya a zamanin Tandja Mamadou, lokacin da ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye.

Illar tsarin a bayyane take. Ana yanka fili kafin a kai ruwa, kafin a kafa turken wuta, wani lokaci a kan hanyar ƙorama. Iyalin da ya tare da wuri yana sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa da tsadar da ta fi ta mai famfo a tsakiyar gari, yara suna hawa kabu-kabu zuwa makaranta, da damina kuma mota ba ta shiga. Maƙwabcinsu sau da yawa mai gadi ne, talakan da ya kafa bukka a kangon wani yana tsaron birgi a madadin kuɗin haya. Ga kuma rigimar takarda. Abin da yawancin masu saye ke riƙewa takardar sayarwa ce ta magajin gari, wadda ba ta kai cikakkiyar takardar mallaka ƙarfi ba, kuma ta sha faruwa dillali ya sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Wanda yake ƙasar waje shi ya fi shiga wannan tarko, domin da idon wani yake saye.

Duk da haka unguwa tana haɗuwa. Masallaci ake fara tayarwa, ko da na zana ne, sai mai tebur, sai mai injin niƙa, sai maƙwabta su yi karo-karo su jawo bututu. Mutumin Barmu ya sami kansa katanga ɗaya da Buzun Abalak da malamin da aka turo daga Doso, suna da suna da biki tare, abin da tsohon lungu na dangi bai saba gani ba.

Buɗe jami'ar Tawa, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar Djibo Hamani, ya kawo ɗalibai da malamai masu neman haya. Bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2017 da aka yi a Tawa, mai suna Tahoua Sakola, ya kawo kwalta da fitilu da sababbin gine-gine, farashin filayen da ke kusa da su ya tashi. A 2018 aka buɗe bankin gidaje na ƙasa, sai dai bashin banki yana neman albashi mai shiga kowane wata da takarda mai ƙarfi, ɗan tireda na Abijan kuwa ba shi da ko ɗaya, wasu kuma suna gudun kuɗin ruwa saboda addini. Yawancin gidajen bayan Tawa har yanzu da kuɗin hannu ake gina su, kuma magadan gonakin da suka rage a bakin hanya suna lissafin ko su ƙara noma damina ɗaya ko su kira mai awo.